KANTUN GYAƊA MAI GISHIRI: DABARAR MADAKIYA GA MASU SANA'A A KURMI

Akwai wani kuka da aka daɗe ana ji daga bakin matan Arewa masu 'yar sana'ar cikin gida a Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabon Badun, da Shagamu, har zuwa Aba da Fatakwal. Kukan kuwa shi ne, mace za ta yi alewar gyaɗa da safe daidai yadda uwarta ta koya mata a Kano ko Katsina, ta yanka ta jera a faranti gwanin sha'awa, amma kafin la'asar sai ta tarar abin ya yi gumi, ya soma danƙo, yana manne wa leda da yatsun mai saye. Kashegari kuwa ba ya sayuwa sai dai a raba wa yara. Sukari ya tafi, gyaɗa ta tafi, itace ko gawayi ya tafi. Wata sai ta ɗora laifin a kan sukarin zamani, wata ta ce bakin mutane ne.

Ba sukari ba ne, ba kuwa baki ba ne. Iska ce. Hannun da ya koyi aikin a ƙasar da iska ke busar da wanki cikin sa'a guda, dole ya sake koyo in ya zo ƙasar da gishiri ke jiƙewa a cikin gwangwaninsa. In kuwa ana neman inda za a koya ba tare da an bar Arewa ba, to, a dubi kudancin Jihar Kaduna, wajen Madakiya da Kafanchan.

INA NE MADAKIYA?

Madakiya gari ne na ƙabilar Bajju a ƙaramar hukumar Zangon Kataf, dab da Kafanchan. Wanda bai san garin ba, watakila ya san ruwan Matsirga da ke kusa da shi, mai zubowa daga kan dutse wajen mita 30, wanda ke samo asali daga duwatsun Kagoro. Kafanchan kuwa ba sai an gabatar da ita ga tsofaffin mazauna Gabas ba. Tun 1927 ta zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin Fatakwal da Inugu ke rabuwa, hannu ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Dattawa da yawa da suka tsufa a Aba da Umahiya ta nan suka bi da 'yan ƙunshinsu. Yanzu jirgin ya daina kai da kawowar da aka san shi da ita, motoci sun karɓe aikin, amma kasuwa na nan, kuma da Hausa ake ciniki a cikinta ko da mai saye da mai sayarwa duk ba Hausawa ba ne.

Abin da ya shafi zancen alewa shi ne daminar wurin. Ƙasar tana gindin tsaunukan Filato, inda hadarin da ya taso daga teku ke karo da dutse ya zubar da ruwansa. Ruwa kan sauka tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, watau ya riga na Kano sauka, ya kuma bar shi a baya wajen ɗaukewa. Saboda haka mai yin alewa a wannan yanki tana da ƙasa biyu a shekara guda. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na yi mata rabin aiki, kamar 'yar'uwarta ta Kano. Sauran watanni kuwa tana fama da raɓa da laima kamar wadda ke zaune a Obalende. Wadda ta iya fitar da kantu mai ƙaras-ƙaras a Madakiya cikin watan Agusta, ba abin da zai ba ta tsoro a Ikko.

Ita alewar sunanta ya fi ɗaya. Wasu su ce alewar gyaɗa, wasu kantun gyaɗa, yaran birni su ce kantun Gana, kuma lalle a can Gana ana yin irinta, suna kiranta nkate kek. Akwai 'yar'uwarta hallaka kwabo, wadda sunanta kaɗai ya isa ya gaya maka inda kuɗin tarar 'yan makaranta ke ƙarewa a zamanin kwabo. Yarbawan Ikko na kiran tasu sisi pelebe. Mutanen Indiya na yin chikki da gyaɗa da baƙin sukarin rake, mutanen Barazil ma haka. Abin lura a nan, kalmar kantu ita kanta ta gishiri ce. Kantun gishiri shi ne curin da Buzaye ke ɗaukowa a raƙuma daga Bilma. Ashe ke nan mai zuba gishiri a kantun gyaɗa ba wata bidi'a ta kawo ba, sunan ta mayar wa da kayansa.

A FARA DA TSINTA

Kowa ɗokinsa ya kai ga tukunya, amma inda ake cin riba ko a faɗi, a kan faifai ne, tun ba a hura wuta ba.

Gyaɗar da ta fi dacewa ita ce mai ƙananan ƙwaya, mai cika, irin su 'yar Dakar, domin tana soyuwa har ciki da wuri, kuma tana kwanciya lafiya in an zo murzawa. Sababbin irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya ta fitar, waɗanda ake kira SAMNUT, su ma suna yi. Manya sun san dalilin fito da su. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa zuwa ƙetare, dalar gyaɗa a Kano ta zama abin ɗaukar hoto. Sai ga farin farkon shekarun 1970, sa'an nan a 1975 cutar nan mai nannaɗe ganye, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki a faɗin Arewa. Daga nan dala ba ta sake tashi ba. Gyaɗar da ake nomawa yanzu galibinta a cikin gida take ƙarewa, a mai da ƙuli-ƙuli da kunu da miya da irin wannan alewa.

To, amma ko wane iri aka samu, sai an baje shi a haske an tsince. Duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ta yi kore-kore, ko ƙwaro ya huda, ko ta fashe tun a buhu, a fitar da ita. Wannan ba tsabtar ido kaɗai ba ce. Gyaɗar da ta sha laima takan yi wata irin fumfuna mai haifar da dafin da likitoci ke kira afalatoksin. Duniya ta farga da shi ne a 1960, sa'ad da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ciyar da su tunkuzar gyaɗa da ta lalace. A jikin mutum hanta yake kamawa, a hankali, shekara da shekaru, yana cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta, kuma an danganta shi da tsumburewar yara. Abin takaicin shi ne suya ba ta kawar da shi duka, zafin sukari ma haka. Kuma sukari na ɓoye ɗacin ruɓaɓɓiyar gyaɗa, wadda in da a hannu aka ci ta, da tuni an tofar.

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi. Akwai masu sayen tsintar gyaɗa da gangan saboda arha, su ce ai dakawa za a yi, wa zai gani? Masu cin alewar nan kuwa yara ne, 'ya'yan maƙwabta, da 'ya'yan mai yin ita kanta, domin su ne ke lashe guntayen. Arhar da aka samu a mudu ba ta kai wannan ba. Kada kuma a zuba wa kaji tsintar, su ma yana taɓa su.

Mutanen Madakiya suna da sauƙi guda, gyaɗarsu daga gona take, sun san ranar da aka cire ta da yadda aka shanya ta. Mai saye a kasuwar Mile 12 ko Bodija ba ta san kwana nawa buhun ya yi a bayan mota cikin ruwa ba. Saboda haka ta sa hannu har tsakiyar buhu, ta sunsuna, ta tauna. Gyaɗa mai kyau tana ƙara in an girgiza ta a tafi, tana fashewa ƙas a haƙori. In ta yi taushi, ko tana warin ɗaki, a bar wa mai ita. A gida kuma kada a ajiye buhu a kan siminti, a ɗora shi a kan katako, nesa da bango.

INDA GISHIRIN KE SHIGA

Me ya kawo gishiri cikin kayan zaƙi? Duk wadda ta taɓa ɗan barbaɗa shi a kunun gyaɗa ta san amsa. Zaƙi zalla yana gundura, mutum ya ci ɗaya ya nemi ruwa. Gishiri kaɗan yana danne ɗan ɗacin da ƙonannen sukari da soyayyar gyaɗa ke da shi, ya fito da gardin, har mai ci ya miƙa hannu karo na biyu. Ga mai sana'a, wannan karo na biyun shi ne ribar. Manya ma, direbobi da 'yan dako da masu gadi, waɗanda ke ganin alewa abin yara ce, mai gishirin suke saye.

Wannan yanki bai taɓa nisa da gishiri ba. Kudu da Kafanchan, a cikin Jihar Nasarawa ta yanzu, akwai Keana da Awe, inda mata suka gaji dafa gishiri daga ƙasa mai zartsi tun kafin zuwan Turawa, fatake na rarraba shi a kasuwanni. Yau na leda ne ya cika gari, wanda tun 1993 doka ta ce a riƙa sa masa sinadarin ayodin don maganin maƙoƙo. Shi ya fi dacewa da wannan aiki, domin laushinsa, kuma ba ya jan ruwa kamar ɗanyen gishiri mai tsakuwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jira sukari ya narke sa'an nan a watsa gishiri a ciki. Gishiri a ruwa yake narkewa, narkakken sukari kuwa ba ruwa a cikinsa. Sai ya dunƙule wuri guda, wani yanka ya fito salam, wani kuma kamar an ciji kanwa. Barbaɗa shi a sama bayan an shimfiɗa, yadda ake gani a alewar kantunan Turawa, yana da kyau a ƙasa mai sanyi da bushewa. A Kurmi kuwa kowace ƙwayar gishiri da ke sama sai ta zama ɗigon ruwa kafin dare.

Hanyar da ta fi ita ce a sa gishirin cikin gyaɗar ita kanta, kamar yadda masu gyaɗa mai gishiri ta kwalba ke yi. A narkar da gishiri a ɗan ruwan ɗumi, a yayyafa wa ɗanyar gyaɗa, a cuɗa har kowace ƙwaya ta jiƙu, a bar ta kamar minti 15, sa'an nan a baje a rana ta bushe sarai. Ba jiƙawa za a yi ta kwana ba. In ranar babu rana, kamar yadda aka saba a Fatakwal, sai a bi hanya ta biyu: a daka gishirin ya yi laushi kamar hoda, a cuɗa shi da soyayyar gyaɗa tun tana da zafi, man jikinta zai riƙe shi.

Ga awo, da gwangwanin madara wanda ba gidan da babu shi: gyaɗa gwangwani 4, sukari gwangwani 2, gishiri ƙaramin cokalin shayi 1 a shafe, ba a tula ba. In da ruwan gishiri za a yi, a ɗan ƙara, domin wani zai bi ɓawo ya tafi. Gyaɗa biyu sukari ɗaya, wannan shi ne ƙa'ida. Masu son kantu ya yi yawa sukan ƙara sukari, sai ya fito kamar gilashi, mai karya haƙori, kuma shi ya fi saurin yin gumi.

Suya a kasko ake yi da yashi mai tsabta, wanda aka wanke aka shanya, a wuta marar ƙarfi, ana juyawa ba tsayawa. A Kudu wasu da garin rogo suke soyawa maimakon yashi, shi ma yana yi. A sauke tun gyaɗar ba ta kai yadda ake so ba, tana ruwan ƙasa mai haske, saboda za ta sake haɗuwa da zafi a cikin sukari. In ta huce a murje, a bakace, a ɓarza a turmi sama-sama, ko a bar ta rabi-rabi. Wanda aka ɓarza ya fi daɗin yanka, ya fi kuma dacewa da ƙananan yara, waɗanda ƙwayar gyaɗa sukutum kan shaƙe.

TUKUNYA

Kafin a ɗora sukari sai an gama shirya kome, domin daga nan ba zama, ba amsa sallama. A shafa wa babban faranti ko katako mai santsi man gyaɗa. A shafa wa kwalba da wuƙa. A ajiye kofin ruwan sanyi a gefe. A sa gyaɗar kusa da murhu ta riƙa jin ɗumi, domin in aka zuba ta da sanyi cikin sukari mai zafi, nan take zai daskare a bar mutum da dunƙule a tukunya. Sa'an nan, kuma wannan ba wasa ba ne, a sauke goyo, a kori yara daga madafa.

Hanya biyu ake narkar da sukari. Ta farko, a zuba shi a busasshiyar tukunya mai kauri, ba ruwa ko ɗigo, a wuta kaɗan, a bar shi ya soma narkewa daga gefe, ana ɗan jawo na gefen zuwa tsakiya da muciya har duk ya zama ruwa mai launin zuma. Ta biyu, a sa masa ruwa kaɗan, kamar rabin gwangwani ga gwangwani 2 na sukari, da 'yan ɗigon lemun tsami, a bar shi ya tafasa har ruwan ya ƙone.

Ta biyun ta fi sauƙi ga mai koyo, don ba ta saurin ƙonewa, amma ita ce ke cutar matan Kurmi. Dalili kuwa, sukan sauke tun ruwan bai gama fita ba. Masana sun auna abin. Ruwa na tafasa a digiri 100. Sukarin da aka dafa da ruwa ba ya zama alewa mai karyewa sai ya kai wajen digiri 150, lokacin ruwan da ya rage a cikinsa bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. In aka sauke a ƙasa da haka, zai daskare, i, amma daskarewar danƙo, mai lanƙwasa. A hunturun Kano irin wannan kuskure na iya wucewa ba a gane ba. A Ikko ba ya wucewa. Daga digiri 160 zuwa 170 sukari ke soma yin ja yana ƙamshi, in ya zarce nan da kaɗan kuwa sai hayaƙi da ɗaci, kuma ba gishirin da zai gyara shi.

Ba sai an sayi ma'aunin zafi ba. Kofin ruwan sanyin nan shi ne ma'auni. A ɗiga ɗan sukarin a ciki, a ciro. In ya murzu a yatsa kamar ƙaro, da saura. In ya yi tauri amma ya lanƙwasa, da saura kaɗan. In ya karye ƙas kamar fasasshiyar kwalba, ya yi. Tsakanin "da saura kaɗan" da "ya ƙone" ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, shi ya sa aka ce ba amsa sallama.

Lemun tsami na da nasa aiki. Yana hana sukari komawa gari a tsakiyar dahuwa, abin da kan faru in ana yawan juyawa, ko ƙwayoyin sukari sun manne a gefen tukunya. Yana yin haka ne ta hanyar raba sukarin zuwa wasu iri biyu, ɗaya daga cikinsu kuwa, irin wanda ke cikin zuma, mayen ruwa ne, daga iska ma zuƙo shi yake yi. Ke nan lemun da ya yi yawa shi ne gumin gobe. Ɗigo biyar ko shida sun isa. Saboda wannan dalilin ne kuma alewar da aka haɗa da zuma, duk daɗinta, ba ta kwana a damina. Mai sana'a a Kudu gara ta daure ta koyi hanyar farko, ta busasshen sukari. Za ta ƙona tukunya ɗaya ko biyu kafin hannunta ya faɗa, amma tun da ba ta sa ruwa ba, ba ta da ruwan da za ta kora.

Akan tambaya ko mazarƙwaila za ta yi, irin ta ƙasar Zazzau, wajen Maƙarfi, inda ake matse rake a dafa. Tana yi, ƙamshinta ma ya fi, kuma da irinta ake yin na Indiya da na Barazil. Sai dai ta fi farin sukari jan laima, kuma da yake ita da ma ja ce, ido ba ya gane lokacin da ta nuna, sai da kofin ruwa. A bar ta sai hunturu, ko don ci a gida.

Abin da ke bambanta na wannan yanki da na sauran wurare, in mai yi ta ga dama, shi ne citta. Kudancin Kaduna, daga Kachia da Kwoi zuwa Kafanchan da Zangon Kataf, nan ne gidan citta a Nijeriya. Ɗan garin busasshiyar citta, kamar rabin ƙaramin cokali, in an cuɗa shi da gyaɗa tare da gishiri, yana ba kantu wani ɗan yaji a maƙogwaro wanda ke tafiya da shayi. A 2023 wata cuta ta auka wa gonakin citta a yankin ta ruɓar da mafi yawan amfanin shekarar, manoma suka tafka hasara, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo har a kasuwannin Kudu. Sa'a guda, abin da alewa ke bukata bai taka kara ya karya ba. Busasshiya za a sa, ban da ɗanya, don ɗanya ruwa ce.

Da sukari ya nuna, a janye tukunya daga wuta, a juye gyaɗa gaba ɗaya, a juya da ƙarfi har ko'ina ya samu, a kife a farantin da aka shafa wa mai. A bi da kwalba a murza tun da zafi, ya yi faɗi, kaurinsa kada ya kai na ɗan yatsa. Mai kauri wahalar ci gare shi, kuma yanka kaɗan yake bayarwa. A tsaga da wuƙa tun yana da ɗumi, murabba'i ko a karkace irin na sisi pelebe. In aka bari ya huce, ba ya yankuwa, sai dai ya farfashe.

Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma mannewa yake a fata ya ci gaba da ci. In tsautsayi ya auku, a sa wurin cikin ruwa mai sanyi ko a riƙa kwarara masa har minti 20. Ban da man ja, ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da gishiri. In ƙunar ta yi faɗi, ko a fuska ce, ko yaro ne, sai asibiti.

YAƘI DA LAIMA

Ko alewar da ta nuna daidai, in aka bar ta a buɗe a Ikko, sai ta sha iska ta yi gumi. Saboda haka aikin bai ƙare a yanka ba. A bar ta ta huce sarai, amma kada a wuce haka. In aka ɗaure da sauran ɗumi, tururin zai koma ruwa a cikin leda. In aka bar ta ta wuni a faranti, iska ta riga ta shiga. Da hannu ya ji ta yi sanyi, a ƙulla ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu a ƙananan leda, a matse iskar, sa'an nan a zuba cikin kwalba mai faɗin baki ko bokitin roba mai murfi da ke kamawa gam. Wadda za a kai shago ko tasha, a kwalbar za ta zauna, a buɗe a ɗauka a rufe. Tallan faranti a buɗe, wanda ya yi daidai da Kano a watan Janairu, a nan hasara ne, ga kuma ƙuda.

Kada a sa a firji. Da an fitar da ita raɓa za ta kwanta mata, balle ga ɗauke wuta. Kada kuma a dafa alewa a lokacin da ake dafa tuwo ko ake tafasa ruwan wanka a ɗaki guda, abin da ke da wuyar kaucewa a gidajen haya inda madafa ɗaya ce ga ɗaki goma. Da hantsi, bayan an gama abincin safe, rana ta fito, shi ne lokacinta. Ranar da aka tashi da ruwa, a haƙura.

A Madakiya da kewaye, babban cinikin yana zuwa ne daidai da lokacin da Allah ya sauƙaƙa aikin. Sabuwar gyaɗa na shigowa da kaka, hunturu ya biyo baya, sai ga Kirsimeti, 'yan gari na dawowa daga Kaduna da Abuja da Ikko, ga bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. A lokacin ana iya yin mai yawa a ajiye. Da damina kuwa hankali shi ne a yi kaɗan-kaɗan, abin da zai ƙare cikin kwana biyu ko uku. Mazauniyar Kudu sai ta ɗauki shekararta duka damina ce, in ban da 'yan makonnin da buji ke leƙowa a Disamba da Janairu. Gwangwani 4 yau, gwangwani 4 jibi, ya fi mudu biyar rana ɗaya. In Salla ta zo ko an ba da aikin biki, a yi ana gobe, ba tun mako guda ba.

Saura lissafi, wanda mata da yawa ba sa yi, sai su ga kuɗi na shigowa amma jari na raguwa. Gyaɗa daga Arewa take zuwa da kuɗin mota a kanta. Sukari kuwa, duk da kamfanin Bacita na shekarun 1960 da na Numan da ya biyo baya, mafi yawan wanda ake sha a ƙasar nan ɗanyensa daga Barazil ake kawowa a tace a Ikko, saboda haka in Naira ta faɗi, shi tashi yake. Mai yi ta ƙirga yanka nawa gwangwani 4 ke ba ta, ta haɗa kuɗin gyaɗa har da wadda aka tsince aka zubar, da sukari, da gawayi ko gas, da leda, ta raba. In kaya sun yi tsada, gara ta rage girman yanka da ta rage gyaɗa ta cika da sukari, domin mai saye na yafe ƙanƙanta, amma ba ya komawa inda haƙorinsa ya yi ciwo.

Guntayen da suka farfashe wajen yanka ba abin zubarwa ba ne. A tara su a daka, a barbaɗa a kunu ko koko, ko a ƙulla a sayar da rahusa. Tukunyar da sukari ya daskare a ciki kuma kada a kankare ta da wuƙa. A zuba ruwa a mayar kan sauran garwashin, cikin 'yan mintoci zai narke da kansa.